Harsashi 16, Minti 86: Wa Ke Riƙe da Asalin Faifan?

 

An nemi in yi magana a kan bidiyo a matsayin shaida, musamman bidiyon da ya nuna ɗan sanda ya harbe mutum har lahira. Kowa a nan ya san yadda abin ke kasancewa. Bidiyo zai faɗo cikin waya da hantsi, kafin la'asar ya zagaye gari, mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce, "Ga shi nan ƙiri-ƙiri, me kuma ake jira?" Wasu su ce, "Ai haɗa shi aka yi." A ganina tambayar sahihanci halal ce, har ma wajibi ce, domin jinin mamaci da makomar wanda ake zargi duka a kanta suke rataye. Abin da ke damuna shi ne wanda ake jefa wa tambayar. Kusan kullum mai wucewan da ya ɗaga wayarsa ake tsarewa da ido, hukumar da ke riƙe da asalin faifan kuwa ba a ce mata uffan. Zan kafa hujjata da wata shari'a da aka yi a Amurka, domin an bi ta har ƙarshenta, takardunta kuma a fili suke.

Ranar 20 ga Oktoba, 2014, gab da ƙarfe 10 na dare, a kudu maso yammacin birnin Shikago, 'yan sanda suna bin wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17 mai suna Laquan McDonald. An kira su ne cewa wani yana fasa manyan motoci a inda ake ajiye su. Yaron na riƙe da wuƙa mai kaifin inci 3. An ce ya yar, ya ƙi. Ya huda tayar wata motar 'yan sanda, kuma binciken gawa ya nuna akwai ƙwayar maye da ake kira PCP a jininsa. Da gangan na faɗi wannan, domin ba sai an wanke mamaci tas ba kafin a nema masa adalci. 'Yan sandan da suka fara isa sun bi shi a hankali, suna jiran a kawo bindigar lantarki wadda ke sandarar da mutum ba tare da ta kashe shi ba. Ana cikin haka wani ɗan sanda mai suna Jason Van Dyke ya iso titin Pulaski. Daƙiƙa 6 da fitowarsa daga mota ya buɗe wuta. Ya juye harsashi 16, duk abin da ke cikin bindigar, cikin kamar daƙiƙa 15, kuma mafi yawan wannan lokacin yaron yana kwance a kan kwalta. A cikin sauran 'yan sandan da ke wurin babu wanda ya harba ko ɗaya.

A daren kakakin ƙungiyar 'yan sanda ya shaida wa manema labarai cewa yaron ya zaburo wa jami'ai da wuƙa. Rahotannin da abokan aikin Van Dyke suka rubuta sun tafi a kan haka, har wasu suka ce bayan ya faɗi ya yi yunƙurin tashi da wuƙar a hannu. Mai binciken rundunar ya rufe fayil a kan cewa harbin yana bisa ƙa'ida. Duk wannan lokacin akwai bidiyo daga kyamarar gaban wata motar 'yan sanda, a hannun rundunar kanta, yana nuna yaron yana tafiya yana nisantar jami'an lokacin da harsashin farko ya same shi.

Ku lura da yadda gaskiya ta fito, domin darasin yana nan. Wani daga cikin gida ya tsegunta wa Craig Futterman, malamin shari'a a Jami'ar Shikago, da ɗan jarida Jamie Kalven cewa akwai faifai kuma ya saɓa wa abin da aka faɗa. A Fabrairun 2015 Kalven ya samo rahoton binciken gawa ya wallafa. An gaya wa jama'a harbi ne a ƙirji, gawa ta ce raunin harsashi 16 ne. A watan Afrilu, mako guda bayan magajin gari Rahm Emanuel ya ci zagaye na biyu na zaɓe, majalisar birni ta amince a biya dangin yaron dala miliyan 5, alhali ko ƙara ba su shigar ba. Faifan dai na kulle. Sai da wani ɗan jarida mai zaman kansa, Brandon Smith, ya kai birnin kotu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, alƙali Franklin Valderrama ya ba da umarni ranar 19 ga Nuwamba, 2015, a sake shi. An sake shi ranar 24 ga wata, kwana 400 cif bayan kisan. A safiyar wannan ranar ce, sa'o'i kaɗan kafin duniya ta gani, aka tuhumi Van Dyke da kisan kai.

Jama'a, babu wanda ya ƙara ko ya rage wani hoto a cikin wannan faifan, amma an yi ƙarya da shi fiye da shekara guda ta hanyar ɓoye shi. Mai son sanin ko bidiyo sahihi ne, kafin ya fara ƙura wa hoto ido yana neman alamar kwaskwarima, ya fara tambaya: wa ya riƙe shi, tun yaushe, kuma me ya faɗa wa mutane a lokacin da shi kaɗai ya gani?

Da faifan ya fito, sai aka ga ba shi da murya. An saki bidiyo daga motoci 5, babu ɗaya da ake jin maganar jami'ai ko ƙarar harbi a cikinsa, sai ɗan kukan jiniya can ƙasa-ƙasa. Mutane suka ce an goge. Abin da bincike ya tono ya fi gogewa muni, domin ya nuna al'ada ce. Rundunar ta amsa cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na kyamarorin motocinta ba sa ɗaukar murya yadda ya kamata, ta kuma danganta hakan da kuskuren masu aiki, wani lokacin da lalatawa da gangan. Takardun masu gyara sun nuna an cire batir, an karya eriya, an cusa makirufo cikin ɗan akwatin gaban mota. Wato tun kafin a harbi kowa an riga an toshe wa shaidar kunne. Murya kuwa ba ƙaramin abu ba ce a irin wannan shari'a. Da ita ake sanin ko an yi gargaɗi, sau nawa, da tazarar da ke tsakanin harsashi da harsashi, da abin da abokin aiki ya ce wa mai harbi.

Sai batun gidan abinci na Burger King da ke kusa da wurin, kuma a nan nake so mu yi wa kanmu adalci. Kyamarorin tsaron gidan suna da giɓin minti 86, daga ƙarfe 9:13 zuwa 10:39 na dare, kisan kuma a tsakiyar wannan giɓin ya faru. Wani manajan kamfanin ya ce 'yan sanda sun shigo a daren, an ba su lambar sirri, sun zauna gaban kwamfutar tsawon lokaci, daga baya aka tarar da giɓin. Duk mai hankali zai ɗaga gira. Amma babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, Anita Alvarez, ta ce ƙwararru sun binciki na'urar ba su ga alamar an taɓa ta ba, kuma ba a taɓa tabbatar da zargin gogewar a gaban kotu ba. Don haka ɗan jaridan da ya rubuta cewa 'yan sanda sun goge minti 86 ya faɗi abin da ba shi da hujjarsa, ko da zuciyarsa tana tare da wanda aka zalunta. Abin da yake da hujjarsa shi ne wannan: an bar abokan aikin wanda ya yi harbi su kaɗai da shaida a daren da abin ya faru. Daga wannan lokacin babu wani binciken ƙwararru da zai iya wanke zukatan mutane, ko da na'urar da kanta ta tsaya. Laifin tsari ne, kuma tsarin ne ya kamata a tuhuma.

Malamanmu na hadisi sun riga kowa gane wannan. Ba sa tsayawa a kan matani kaɗai, sai sun bi isnadi: wa ya ji daga wa, sun haɗu kuwa, akwai wanda ya faɗi a tsakani, akwai mai wata buƙata a cikin masu ruwayar? Faifan bidiyo ma yana da isnadinsa, daga kyamara zuwa katin ajiya, zuwa kwamfutar wane, zuwa hannun wane, har gaban alƙali. Inda sarƙar ta yanke, ko ta bi ta hannun mai ruwa da tsaki ba tare da shaida ba, nan ne wurin shakka.

Da aka zo shari'a a 2018, lauyoyin Van Dyke ba su ce faifan jabu ba ne. Sun ɗauki wata hanya wadda ta fi wayo. Sun ce kyamarar tana kallo ne daga bayan yaron, daga wani gefe, ba daga inda idon ɗan sandan yake ba. Shi kansa da ya hau akwatin shaida ya ce bidiyon bai nuna abin da shi ya gani ba. Suka ɗauko wani kamfani ya zana musu hoton kwamfuta mai motsi, wanda ya nuna yaron yana matsowa idan aka kalla ta kafaɗar mai harbi. Ku duba wannan juyi: an ajiye hoton da kyamara ta ɗauka a gefe, an kawo wanda aka biya kuɗi aka zana, ana neman a gaskata na biyun.

Duk da haka kada mu yi wa hujjar tasu dariya, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta auna nisa kamar idanun mutum biyu. Gilashi mai faɗi, irin na kyamarar da ake maƙalawa a ƙirji, yana nisanta abin da ke kusa. Yawancin kyamarori hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, kuma wanda ya zaɓi guda ɗaya daga cikin 30 ɗin ya tsayar da shi zai iya ba da labarin da ya ga dama. A Shikagon dai, a Maris 2021, ɗan sanda ya harbe Adam Toledo, yaro ɗan shekara 13, a wani lungu da dare. Da aka saki bidiyon, wani ɓangare ya yi ta yaɗa hoton da yaron ya ɗaga hannuwa babu komai a cikinsu, ɗaya ɓangaren yana yaɗa hoton da ya gabace shi da ƙasa da daƙiƙa ɗaya, inda ake ganin abin da masu bincike suka ce bindiga ce a hannunsa. Hotunan biyu daga faifai ɗaya suke, babu na bogi a ciki. Ba a tuhumi ɗan sandan ba, kuma har yau mutanen birnin ba su daina jayayya a kai ba.

Abin da ya karya hujjar Van Dyke shi ne faifan bai tsaya shi kaɗai ba. Gawa ta goyi bayansa. Lissafin daƙiƙoƙi ya goyi bayansa. Shirun bindigogin sauran jami'an ya goyi bayansa, domin su ma suna wurin, da idanunsu, ba su ga abin harbi ba. Kuma ko wace kusurwa aka kalla, babu wadda za ta bayyana dalilin ci gaba da harbin wanda ke kwance. Ranar 5 ga Oktoba, 2018, mutum 12 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka same shi da laifin kisan kai mataki na biyu, da laifin jikkatawa da bindiga sau 16, kowane harsashi da tuhumarsa.

Ba zan ɓoye muku sauran ba, ko da yake yana da ɗaci. Ranar 17 ga Janairu, 2019, alƙaliya Domenica Stephenson ta wanke jami'ai 3 da aka tuhuma da haɗa baki wajen rufa asiri, bisa hujjar cewa mutane biyu na iya ganin abu ɗaya daga wurare daban su bayyana shi daban ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Washegari aka yanke wa Van Dyke ɗaurin wata 81. Ya fito a Fabrairun 2022, bai cika rabin wa'adin ba. Ni dai ina ganin hukuncin wanke waɗancan ukun kuskure ne babba. Bambancin kusurwa yana iya sa mutum ya kasa ganin abin da ya faru. Ban ga yadda zai sa mutane da dama su ga abin da bai faru ba, kuma su gan shi iri ɗaya, da kalmomi masu kama da juna. Amma faifan ya yi wani aikin a wajen kotu: an sauke shugaban 'yan sanda Garry McCarthy mako guda bayan sakinsa, Alvarez ta faɗi zaɓen fid da gwani a Maris 2016, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta binciki rundunar baki ɗaya, birnin kuma ya kafa ƙa'idar sakin irin wannan bidiyo cikin kwana 60.

Wani zai ce wannan labarin Amurka ne. Amma a nan gida ma, a Fabrairun 2010 tashar Al Jazeera ta nuna bidiyon jami'an tsaro suna harbe mutanen da ba su riƙe da makami a Maiduguri, bayan rikicin Yulin 2009, kuma akwai masu shekaru a wannan ɗaki da ba su manta da shi ba. Sannan ranar 20 ga Oktoba, 2020, shekara 6 daidai bayan daren titin Pulaski, aka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar EndSARS a mashigar Lekki a Legas. Wata mai kiɗa da aka sani da DJ Switch ta haska abin kai tsaye a Instagram. Martanin farko na rundunar soji shi ne ta buga tambarin labarin ƙarya a kan rahotannin. Daga baya wani janar ya zo gaban kwamitin bincike na Mai Shari'a Doris Okuwobi ya amsa cewa sojoji sun je wurin, ya ce harsashin da ba ya kisa suka harba sama, sannan ya amsa cewa suna ɗauke da mai kisa ma. Kamfanin da ke kula da mashigar ya ce kyamararsa ta daina ɗauka wajen ƙarfe 8 na dare. Kwamitin a rahotonsa na Nuwamban 2021 ya kira abin kisan kiyashi, gwamnatin jihar ta ƙi karɓar wannan ɓangaren. Ga shi nan, salo ɗaya: an ƙaryata bidiyon mai waya nan take ba tare da hujja ba, kyamarar da ke hannun masu iko kuwa ta zo da giɓi.

To yaya ake tantancewa, tunda kalmar "jabu" ba ta isa hujja ba, kalmar "na gani da idona" ma ba ta isa ba? Masu wannan aiki sukan fara da neman asalin fayil daga na'urar da ta ɗauka. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp ko Facebook an matse shi, an kuma yaye masa bayanan da ke manne da shi na lokaci da irin wayar, don haka kwafi ne mai rauni. Idan an samu asalin, akwai lissafin da kwamfuta ke yi ta fitar da wata doguwar lamba wadda ta keɓanta da wannan fayil, ko ɗigo ɗaya aka sauya lambar za ta sauya. Wanda ya ajiye lambar tun ranar farko ya rufe bakin mai cewa an taɓa faifan daga baya. Sai a duba wuri: allon shago, hasumiyar masallaci, lambar mota, a gwada da hoton tauraron ɗan'adam. A duba inuwa ko ta dace da sa'ar da aka ce. Idan mutane uku sun ɗauka daga wurare uku, a jera faifan nasu a kan ƙarar harbi ɗaya a ga ko sun yi daidai. Haka ƙungiyar Forensic Architecture ta Landan ke yi, kuma a 2020 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya tare da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley sun fitar da kundin ƙa'idojin wannan aiki. Ku sani kuma, yawancin bidiyon ƙarya da ke yawo a wayoyinmu ba a ƙera su ba. Tsoffi ne na gaske, daga wata ƙasa ko wata shekara, aka liƙa musu sabon suna. Tambayar "ina ne, yaushe ne" ta fi kama ɓarawo fiye da tambayar "kwamfuta ce ta yi".

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo, gaskiya ne, kuma tana iya ƙera fuska da murya. Abin da na fi tsoro daga gare ta shi ne mafakar da ta ba mai laifi. Yanzu duk wanda kyamara ta kama zai ce na'ura ce ta zana shi, ya zauna ya jira mutane su gaji. Maganin wannan, ɗalibaina 'yan jarida, shi ne ku mayar da tambaya inda ta fito. Kakakin da ya ce muku bidiyo na bogi ne, ku ce masa: ranka ya daɗe, wane ɓangare ne na bogi, daga wace daƙiƙa zuwa wace? Wane ƙwararre ya duba? Ina naku faifan? Ina littafin fitar da harsasai na wannan rana, nawa aka karɓa, nawa aka dawo da su? Ina rahoton likitan da ya duba gawa? Wanda ke da gaskiya yana da amsar waɗannan a aljihunsa. Haka kuma idan ɗan gwagwarmaya ya kawo muku yanki na daƙiƙa 10, ku nemi abin da ya gabata da abin da ya biyo baya kafin ku buga, domin ɗan sanda ma ɗan wani ne, kuma ƙazafin kisa ba ƙaramin zunubi ba ne.

Lauyoyin da ke nan sun fi ni sanin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Shaidar da ta fito daga kwamfuta, har da waya, kotun Najeriya tana son bayanin na'urar da ta samar da ita, da tabbacin tana aiki daidai a lokacin, da takardar shaida mai sa hannun wanda ke kula da ita. Ma'anar wannan ga talaka ita ce bidiyon da ya zagaye duniya yana iya faɗuwa a ƙofar kotu idan ba a san wayar da ta ɗauke shi ba. Saboda haka duk wanda Allah ya sa ya ɗauki irin wannan abu, ya fara da tsira da ransa. Bayan nan kada ya yanke faifan, kada ya ɗora masa rubutu ko waƙa, kada ya goge shi daga wayar, kada ya sayar da wayar. Ya rubuta rana da sa'a da inda ya tsaya tun bai manta ba. Ya kai asalin fayil ɗin ga lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa kafin ya watsa, a kwafe shi a gaban shaidu, a ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya. Masu yin doka kuma, tunda ana ta maganar maƙala wa jami'anmu kyamara a ƙirji, su rubuta tun yanzu cewa faifan ba zai zauna a hannun rundunar da jami'inta ya yi harbi ba, su sa adadin kwanakin da dole a sake shi, su kuma sa hukunci a kan jami'in da kyamararsa ta mutu a daidai lokacin da bindigarsa ta tashi.